Musabahar Malam Ɗanliti

Duk wanda ya taɓa bin Ƙofar Kwaya da hantsi ya san rumfar Malam Ɗanliti mai wankin hula. Ba sai an yi maka kwatance ba. Huluna ne jere a rana, zanna da damanga da kube, kowace an kifa ta kan guntun itace tana bushewa, ga bahon kumfa, ga burushi, ga mai rumfar bisa benci yana miƙa wa duk wanda ya gifta hannu. Wannan miƙa hannu kuwa shi ne Ɗanliti. Ko hannun na cikin kumfa zai zaro shi, ya goge a gefen riga, ya miƙo maka. In ka yi kamar ba ka gani ba, ya biyo ka da shi har bakin kwata.

Wankin hula ya gada, amma ba shi ya yi masa suna ba. Tun yana saurayi yake bin ubansa zuwa wajen sasanta rigima, shi ne mai riƙe takalma a ƙofar zaure. A nan ya gano abin da sa'o'insa ba su gano ba: wanda ya zauna tsakiyar masu faɗa, gida biyu ke aiko masa da tuwo. Kafin gemunsa ya cika ya zama ɗan rakiyar biko, ɗan rakiyar neman aure, ɗan rakiyar ban haƙuri. Da furfura ta fara fito masa, sai aka daina cewa ya raka, aka koma cewa ya jagoranta. Babu wanda ya naɗa shi komai, amma a masallaci wurinsa na bayan liman, kuma da salla kuɗin shaddarsa bai taɓa fitowa daga aljihunsa ba.

Kada wani ya ɗauka Ɗanliti na bin diddigin gaskiya ne. Allah ya kiyashe shi da wannan wahala. Shi da ya shiga zaure, abin da yake dubawa shi ne wa ya fi rauni cikin mutum biyun nan. In ya gane shi, sai ya zauna masa a wuya da daɗin baki, da ambaton lahira, da tuna masa kakanni, har sai bawan Allah ya gaji ya ce ya yafe. Da haka ya mayar da matar da aka fasa wa haƙori ɗakin mijinta, har ita ce ta durƙusa. Da haka marayun da baffansu ya cinye musu fili suka je gaishe shi da salla. Da zarar kalmar yafiya ta fito, sai Ɗanliti ya tafa hannu ya ce, "Tau, alhamdu lillahi! A ba juna hannu." Ya kamo wuyan hannun wannan, ya kamo na wancan, ya haɗa, ya ɗora nasa a sama, a shafa fatiha. A wurinsa sulhun da ba a rufe da musabaha ba bai ɗauru ba. Ya yi hakan har jikinsa ya haddace, ba ya ma sanin lokacin da yake yi.

Alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗarsa a majalisa. "Tun da nike," in ji shi, "maganar unguwag ga ba ta taɓa kaiwa ga hukuncin alƙali ba. Mu muke kashe wutarmu." Gaskiya ne kuwa, wuta yana kashe ta. Wanda ya ƙone dai ba ya cikin lissafinsa.

Cikin masu kawo masa wankin hula akwai Alhaji Mudassir, dillalin hatsi a Babbar Kasuwa, mutum mai fara'a a waje, mai sayen goro ya raba wa majalisa. Matarsa Sabuwa, 'yar tsohon gida ce daga Ƙofar Marusa, irin gidajen da har yanzu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Ɗan farin nata shi ne Umair, yaro ɗan shekara takwas ko kusa da haka. Ita "wancan" take ce masa, ko "yaron nan".

Wata safiya Umair ya ɗauki wayar ubansa yana latse-latse, ta suɓuce ta faɗa randa. Shi ke nan laifin. Alhaji Mudassir ya ɗauko igiyar roba, irin wadda ake yankawa daga tsohon tiyub ana ɗaure buhu a bayan babur, ya mayar da hannuwan yaron baya, ya ɗaure wuyan hannun tamau, ya jefa shi sito, ya danna kwaɗo, ya sa makulli a aljihu. Daga nan ya bi motar hatsi zuwa kasuwar ƙauye, wai da yamma in ya dawo yaron ya yi hankali. Mota ta lalace a can. Bai dawo ba, bai kuma aiko da makullin ba.

Da la'asar ta yi kukan yaron ya canja, Sabuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta aika a kira mata wanda kowa ke kira in abu ya ɓaci. Ɗanliti ya zo, ya tsaya ƙofar siton, ya kasa kunne.

"Baba, ko a ɓalle kwaɗon?" in ji Sabuwa daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa.

"A ɓalle mi? Ƙofar mutum, ba shi nan? Haba ɗiyata. Horo ne. Mu ma duk an ɗaure mu, ga mu nan lahiya lau." Ya matsa ya ƙwanƙwasa ƙyauren. "Kai yaro, yi haƙuri ka ji? In Alhaji ya dawo ka durƙusa ka ba shi haƙuri."

Ya koma rumfarsa ya ci gaba da guga, ransa fes, ya hana a ci mutuncin maigida.

Washegari da hantsi kukan ya ɗauke, kuma wannan shirun ne ya tayar da Saratu, maƙwabciyarsu, matar wani ma'aikaci ɗan kudancin Kaduna da ke haya a gidan da ke jikin nasu. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta shigo da taɓarya ta yi ta dukan kwaɗon har ya ɓalle. Abin da suka tarar ba ya faɗuwa dalla-dalla. Hannuwan sun kumbura sun yi baƙi, robar ta nutse cikin nama. A asibiti likitoci suka yi iya yinsu, daga ƙarshe suka yanke duka biyun daga wuyan hannu, suka kuma kira 'yan sanda.

Abin da ya fi ƙona wa Ɗanliti rai a ranar shi ne kiran 'yan sandan. Ya yi ta faɗa a majalisa cewa baƙuwa ce ta ja, wadda ba ta san yadda ake zama da mutane ba, da an bari Alhaji ya dawo da an yi abin cikin rufin asiri. Aka gyaɗa kai. Ba wanda ya tambaye shi wane asiri ne ya rage.

Alhaji Mudassir ya yi watanni a tsare. Lauyan da 'yan'uwansa suka ɗauka ya ba shi shawara ya amsa laifi, don kada a ja shari'a har a tsayar da yaro ya ba da labarin sito da bakinsa. Ya amsa. Saura ranar yanke hukunci. Lauya ya ce a nan ne ake roƙon sassauci: in dattawan unguwa suka shaidi Alhaji da kirki, in uwa da ɗa suka ce sun yafe a gaban kotu, mai yiwuwa a dubi zaman da ya riga ya yi a ce ya isa, ko a haɗa masa da tara ya koma gida.

Wa za a nema in ba Ɗanliti ba? Salihu, yayan Alhaji, ya zo rumfa da kansa, ya zauna kan benci, ya kwashe bayani. Ɗanliti ya saurara yana murmushi irin na wanda aka kawo wa aikin da ya fi iyawa. Da ya ji cewa mai shari'ar mace ce, sai da ya yi dariya.

"Mace? Ai an gama. Zuciyassu kamar man shanu take a rana." Ya ɗaga murya yadda duk majalisa za ta ji. "Ku shaida. In Alhaji bai kwana gidanshi ranar nan ba, na ajiye sulhu har abada. Kada wanda ya sake kirana."

Sabuwa ta koma gidan iyayenta a Ƙofar Marusa tun da aka sallamo yaron. Ɗanliti ya mayar da gidan wurin zuwansa. Yakan zo bayan azahar, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi mai jiki, sannan ya gyara zama ya hau aiki.

"Ɗiyata, abin da ya hwaru ya hwaru. Ƙaddara ce. In anka ɗaure Alhaji, hannun zai tsiro?"

Ya ƙara matsowa. "Ga ƙannenshi nan ƙanana. Wa za shi ciyar da su? Kina so gobe a nuna su a ce ga ɗiyan ɗan sarƙa?"

Sabuwa na zaune gefen ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta, tana murza bakin zane.

Da ya ga waɗannan ba su ci ba, sai ya zaro wadda ya ajiye don ƙarshe. Ya juya wajen tsohuwar, uwar Sabuwa, ya sassauta murya.

"Hajiya, ni abin da ke ba ni kunya, ɗan hwari ne hwa. A ce ɗiyar gidan ga ta tsaya gaban maza, gaban alƙali, tana rigima kan ɗanta na hwari? Mi za a ce da tarbiyyarku?"

Tsohuwa ta rufe baki da hannu. Nan ya san ya taɓo wurin. Daga ranar ba shi kaɗai ke aikin ba, gidan gaba ɗaya ya taya shi, gwaggo da inna da matan maƙwabta, kowa da nasa wa'azin. Sabuwa ta rame ta yi zuru-zuru. Wata rana dai ta ce, "Tau, Baba." Ɗanliti ya ji daɗin wannan "tau" fiye da yadda ya ji daɗin haihuwar ɗansa.

A ranar ne ya nemi a kawo masa yaron. Tun da abin ya faru bai sa shi a ido ba, ya iya kauce wa hakan da dabara. Aka fito da Umair cikin singileti, bakinsa da sauran kunun da ake ba shi da cokali. Ya durƙusa ya gaida baƙo, dungun hannuwansa biyu a kan gwiwa, fatar wurin ta tattare tana sheƙi. Ɗanliti ya kalla sau ɗaya ya kawar da kai. Da wani mutum ne, da abin da zai zo masa a zuciya daban ne. Shi abin da ya zo masa shi ne, mai shari'a ba za ta ga wannan ba. A takardar asibiti ta karanta, to ta tsaya a takardar.

Ya tafi wajen tela da kansa, ya sa aka ɗinka wa yaron kaftani na farar shadda, ya tsaya a kan telan har sai da aka ƙara wa hannun rigar tsawo ya wuce misali, yadda in yaron ya sauke hannuwa sai ka ce rigar yayansa ya ara. Ya zaɓo 'yar zanna, ya wanke ta da hannunsa, ya sa mata sitaci har tana tsayuwa da kanta. Sannan ya zauna koya wa yaro karatu.

"Ce, na yahe ma Babana."

"Na yahe ma Babana."

"Ni na yi laihi."

Yaron ya dubi uwarsa. Ta sunkuyar da kai.

"Ni na yi laihi."

"Madalla! Kuma hannunka na ƙasa, ka ji? Kada ka ɗaga. Ko ƙuda ya sauka maka a hanci, bar shi."

Ranar hukunci Ɗanliti ya sha babbar riga ruwan ƙasa, ya fesa turare, ya cika motar haya da dattawan unguwa. Kotun ta cika. Mata a baya, maza a gaba, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Gandirobobi suka shigo da Alhaji Mudassir suka tsayar da shi cikin akwatin masu laifi. Ya faɗa ƙwarai, kuma Ɗanliti ya ji daɗin hakan, don rama tana taimakon roƙo. Mai shari'a ta shigo, mace mai tabarau, ba ta da yawan kallon mutane, rubutu kawai take yi.

Lauya ya yi nasa da Turanci, tafinta yana juyawa. Daga nan aka kira Malam Ɗanliti a matsayin dattijon unguwa.

A gaskiya ranar bakinsa ya yi zaƙi. Ya faɗi yadda Alhaji ke sallar asuba a sahun gaba. Ya faɗi buhunan geron da yake rabawa da azumi. Ya ce shi shaida ne babu uban da ke son ɗansa kamar Alhaji, son ne ma ya kawo tsananin. Ya ce uba ba ya nufin ɗansa da sharri, kuskure ne da sharrin Shaiɗan da lalacewar mota. Ya kawo maganar ƙananan yara, ya kawo maganar tsohuwar uwar Alhaji da ba ta ko iya tashi. Muryarsa ta yi rawa daidai inda ya kamata ta yi. A baya wata mata ta fara sheshsheƙa. Bai ce komai ba game da wanda ya tsaya ƙofar sito da la'asar ya hana a ɓalle kwaɗo, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Aka kira Sabuwa. Ta tsaya, kanta a ƙasa. Mai shari'a ta tambaye ta ko tana da abin cewa.

"Na yahe," in ji ta, da ƙyar aka ji.

Aka matso da Umair, fes da shi cikin farar shadda, hula ta zauna daram, hannuwan riga na reto har kusa da gwiwa. Ya kawo karatunsa bai yi tuntuɓe ba.

"Na yahe ma Babana. Ni na yi laihi."

Alhaji Mudassir ya fashe da kuka cikin akwati. Dattawa suka hau salati. Mai shari'a ta cire tabarau ta murza ido, ta ɗan daɗe tana duban yaron, fuskarta ta sassauta. Lauya ya waiwayo ya yi wa Salihu wani ɗan murmushi.

Ɗanliti ya ga duk wannan. Daɗi ya cika shi tun daga tafin ƙafa har hula. Kalmar yafiya ta fito daga baki biyu, an yi kuka, an yi salati. Shekara da shekaru, a zaure ɗari, abu ɗaya ne ke biyo bayan wannan, kuma jikinsa bai jira shawarar kansa ba. Ya tafa hannu, tafin ya amsa a ɗakin.

"Tau, alhamdu lillahi! Ranki ya daɗe, saura abu guda. A ba juna hannu!"

Lauya ya zabura zai yi magana, ina, Ɗanliti ya riga ya dafa kafaɗar yaron ya tura shi gaban akwati. Alhaji Mudassir, shi ma ɗan unguwar ne, ya san yadda ake rufe sulhu, ya zuro hannunsa ta saman katako. Ɗanliti ya cafke wuyan hannun Alhaji da dama, ya kai hagu zai kamo na yaron, ya damƙi shadda, babu komai a ciki.

Umair yaro ne mai tarbiyya. An koya masa ba a gaida babba da hannu ɗaya. Da ya ga ubansa ya miƙo hannu, ga Baba Ɗanliti na cewa a bayar, sai ya ɗaga duka biyun. Hannuwan rigar da aka ƙara wa tsawo suka zame suka taru a gwiwar hannu.

Dungu biyu na tsaye a iska, suna jiran a karɓa. Alhaji Mudassir ya dube su. Bai taɓa ganinsu ba, an kama shi tun yaron na asibiti. Ya fizge hannunsa daga riƙon Ɗanliti kamar wanda ya taɓa garwashi, ya ɓoye shi a bayansa, ya juya fuska wajen bango. Yaron bai sauke nasa ba, don ba a ce ya sauke ba.

Mai shari'a ta mayar da tabarau. Ba ta bi ta kan tafinta ba, ta yi magana da Hausa.

"Yaro, zo kusa. Ka ce ka yafe. Ka san abin da ake nufi da yafewa?"

Umair ya ce, "An ce in ce."

"Wa ya ce ka ce?"

Ba shi da yatsan nuni. Ya juya ya miƙa dungun dama saitin babbar riga ruwan ƙasa.

"Da rigar ma shi ya ɗinka min," in ji shi, don a ganinsa alheri ne da ya kamata a faɗa. "Ya ce kar in ɗaga hannu. Na manta."

Ɗanliti ya buɗe baki. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba tun yana riƙe takalma, ranar sai iska ta fito. Yana nan tsaye da hannunsa a buɗe, wata murya ta taso daga gefe, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Umair. Zo nan."

Sabuwa ce. Ta kama sunan ɗanta na fari a gaban maza, a gaban surukai, a gaban uwarta. Kuma Allah shaida, a layin matan unguwa an fi jin "la ila" a kan wannan fiye da lokacin da hannun riga ya zame. Ta jawo yaron jikinta, ta cire hular mai sitaci ta ajiye kan benci, ta ɗago kai ta dubi mai shari'a.

"Ranki ya daɗe, ni ma cewa anka yi in ce. Ban yahe ba. Ni ke ba shi abinci a baki. Ni ke kai shi bayan gida. In na mutu ban san wa za ya yi mashi ba. Ban yahe ba."

Mai shari'a ta yi rubutu mai tsawo. Da ta ɗago ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce yaro amana ne a hannun ubansa, kuma kasancewar wanda ya yi wannan aiki uba ne ba ya rage nauyin laifin, ƙara shi yake yi, domin yaron ba shi da wurin gudu. Ta ce kotu ba za ta karɓi yafiyar da aka sa wa yaro a baki ba. Ta yanke wa Alhaji Mudassir shekara goma sha huɗu a gidan yari, babu zaɓin tara. Sannan ta dubi Ɗanliti ta saman tabarau ta ce dattijo ya koma ya zauna, ya kuma gode wa furfurarsa.

A motar komawa ba wanda ya dubi Ɗanliti. Amma kafin magariba Ɗanliti ya samo bakinsa. Laifin tela ne, da ya sa maɓalli a bakin hannun rigar da ba ta zame ba. Laifin lauya ne da bai gaya masa ba a musabaha a kotu ba. Laifin Saratu ne tun farko. Laifin zamani ne da ya ɗora mace kan kujerar shari'a, ya kuma cire wa 'ya'yan manyan gida kunya har suna kiran sunan ɗan fari. Ya lissafa kowa tsaf, mutum ɗaya kawai ya tsallake.

Alwashin da ya sha a majalisa kuwa, bai sake tayar da shi ba, yana fatan an manta. Ba a manta ba. Salihu ya aiko yaro ya kwashe hulunan gidansu, har da waɗanda ba su bushe ba. Da aka yi rigimar kwata tsakanin gida biyu a bayan masallaci, liman aka kira. Da aka tashi bikon wata yarinya, sai labari ya ji. Ba don unguwa ta gane ya zalunci kowa ba ne, kada a yi mata wannan kyakkyawan zato. Don dai ya faɗi ne a bainar jama'a, kuma ba a son tafiya da wanda ya taɓa faɗuwa. Ya zauna da bahonsa da burushinsa, yana miƙa wa masu wucewa hannu, wasu su karɓa, wasu su ɗaga nasu daga nesa.

Sabuwa ta dawo gidan Ƙofar Kwaya da 'ya'yanta, ta kama sayar da ƙosai da kunu. Ta sa Umair a makarantar da ke bayan titi, inda wata malama ke koya masa riƙe alƙalami da dungu biyu. Akwai lungun da ya fi kusa zuwa makarantar. Ba ta bin sa. Kullum da safe ta gaban rumfar wankin hula take biyowa, yaron na gabanta cikin riga mai gajeren hannu, jakarsa rataye a wuya. In sun zo daidai benci sai ta tsaya.

"Umair, gaida Baba."

Ɗanliti ya juya bencinsa ya fuskanci bango, ya ce rana ce ke cin launin huluna. Washegari ta zagayo ta ɓangaren bangon.

"Umair, gaida Baba."

Yaron ya durƙusa, ya ce ina kwana, ya ɗago duka biyun kamar yadda aka koya masa a gaida manya. Ba ya nufin komai, gaisuwa ce yake yi. Malam Ɗanliti, wanda ya yi shekara da shekaru yana bin mutane da hannu har bakin kwata, ya tura nasa cikin bahon kumfa har gwiwa, ya ce lahiya lau, lahiya lau, idonsa na kan wata hular da ya riga ya wanke. Ba ya zaro su sai ya ji takunsu ya yi nisa.